Sidi dubu uku da na ci wa abokina

Jama'ar zango, sannunku da hutawa. Rubutun yau yana da tsawo, wanda ke sauri ya ajiye sai dare.

Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga coci, wata baiwar Allah ta tare ni a bakin ƙofa idonta jawur. Dattawa sun zaunar da ita da matar wanta kan kuɗin adashi da suka maƙale, an yi addu'a, an ce su rungumi juna, aka tafa musu. Ta ce mini, "Malam tela, to kuɗin nawa fa?" Na tsaya kamar an dasa ni, don ni ma an taɓa yi mini irin wannan zama, sai dai ni ne a kujerar wanda ya ci kuɗin.

Ni Kirista ne, a Aboabo aka yanke mini cibiya, dangin mahaifiyata kuma duk musulmi ne. Na san yawancin masu karanta ni a nan musulmi ne, kada ku wuce, maganar ta shafi kowane gidan haya a Kumasi.

A 2018 ni da wani abokina muna da shagon ɗinki a Asawase. Maigida ɗaya ya koya mana aiki, rana ɗaya aka yaye mu, coci ɗaya muke zuwa. Muka shirya mu haɗa kuɗi mu sayi keken surfani kafin Sallah. Ya ba ni rabonsa, sidi dubu uku, a cikin baƙar leda. A makon nan matata ta fara naƙuda, haihuwa ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki. Na buɗe ledar. Har yau ban ce na yi laifi da na ceci matata ba, laifin ya fara ne daga abin da ya biyo baya. Na ce masa keke na hanya daga Lome. Bayan wata guda na ce ta maƙale a Aflao. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ana saura kwana goma Sallah, shago cike da shaddar mutane, ya gano gaskiya, ya tsaya a gaban yaran shago da masu kawo ɗinki ya kira ni ɓarawo har sau uku.

Dattawan coci suka kira mu. Aka ce ku duka kun yi kuskure, shi ya yi ƙarya, kai ka yi zagi, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, a yi haƙuri. Aka karanta mana inda Bitrus ya tambayi Yesu ko sau bakwai ya isa a yafe wa ɗan'uwa, Yesu ya ce bakwai sau saba'in. Muka yi musabaha. Ba wanda ya ambaci sidi dubu uku, ni kuwa ban tuna musu ba. Bayan wata ɗaya abokina ya kwashe kekensa ya koma Alabar. Shekara biyar muna coci ɗaya, benci uku ne tsakaninmu, in an ce a gai da juna da salama sai kowa ya sami wanda zai miƙa wa hannu a wani gefen. Abin kunyar shi ne, duk shekarun nan ni nake ganin kaina wanda aka zalunta. Ai ni aka zaga a bainar jama'a.

Ra'ayina, kuma na san wasu dattawa ba za su ji daɗinsa ba: yawancin abin da muke kira sulhu, rufe bakin wanda aka cuta ne kawai. Muna da ayoyin yafiya a kan harshe, su muke karanta wa mai kuka. Ayoyin biya da mayar da haƙƙi kuwa, waɗanda ya kamata a karanta wa mai cin amana, sun yi ƙura.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye gaba ba, kuma kusan duk gabar da ke cikinsa ta cikin gida ce. Kisan farko, Kayinu ne ya kashe ƙanensa Habila a gona. 'Yan'uwan Yusufu suka sayar da shi azurfa ashirin. Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin Sama'ila na biyu, sura 13. Amnon ɗan sarki Dawuda ya yi wa Tamar, 'yar ubansa, fyaɗe. Ta fito da toka a ka, riga a yage. Wanta Absalom ya ce mata ta yi shiru, ɗan'uwanta ne, kada ta sa abin a ranta. Ashe "a yi haƙuri" ta daɗe a duniya. Dawuda ya ji, ya yi fushi ƙwarai, bai ɗauki mataki ba. Littafin ya ce Absalom bai ce wa Amnon komai ba, mai kyau ko mara kyau. Wanda ya leƙa fadar a lokacin zai ce gida lafiya lau. Shekara biyu cur, sai Absalom ya shirya biki a wurin sausayar tumaki, ya sa bayinsa suka kashe Amnon. Daga nan gidan Dawuda bai sake zama daidai ba, har ya kai uba na gudu daga Urushalima saboda ɗansa. Annabi Irmiya ya yi wa shugabannin zamaninsa faɗa kan wannan halin, ya ce suna ɗaure ciwon jama'a sama-sama suna cewa salama, salama, alhali babu salama. Duk wanda ya taɓa rufe miki da tsumma bai wanke ba ya san warin da ke biyo baya.

Yanzu ku dubi yadda sulhu na gaske ya kasance a Farawa 32 da 33. Yakubu ya yaudari ubansa makaho ya karɓe albarkar wansa Isuwa, ya gudu shekara ashirin. Da zai dawo aka ce masa Isuwa na tafe da mutum 400. Bai aika a ce wa Isuwa abin da ya wuce ya wuce ba. Ya ware awaki 220, tumaki 220, raƙuma masu shayarwa 30 da 'ya'yansu, shanu 50, jakuna 30, ya kora su garke-garke a gabansa. Ku lissafa a kasuwar dabbobi ta yau ku ga. Sa'an nan ya wuce gaban iyalinsa yana ɗingishi, ya rusuna har ƙasa sau bakwai. Isuwa ya sheƙo ya rungume shi, suka yi kuka. Isuwa ya ce ina da abin da ya ishe ni, riƙe kayanka. Nan ne da ni ne da na ce Allah ya saka da alheri, na juya da garkena. Yakubu ya nace sai da ya karɓa, kuma kalmar da ya kira kyautar da ita a harshen Ibrananci ita ce albarka, wato abin da ya sace tun farko. Wani abu kuma da masu wa'azi ba su cika faɗa ba: bayan duk kukan nan ba su zauna gari ɗaya ba. Isuwa ya koma Seyir, Yakubu ya nufi Sukkot. Sun haɗu wajen binne mahaifinsu Ishaku. An shirya, amma ba a tilasta musu cin tuwo a kwano ɗaya ba. Mu kuwa sai mu ce wa matar da mijinta ya fasa mata baki ta koma ɗakinta yau-yau, in ta ƙi a ce ba ta da yafiya.

To ayar bakwai sau saba'in fa, ƙarya ce? Ko kusa. Amma da wa ake magana? Bitrus ne ya tambaya, a matsayin wanda aka yi wa laifi. Yafiya dukiyar wanda aka cuta ce, shi ke bayarwa. Ni da na ci kuɗin ba ni da hurumin miƙa hannu in ɗauka da kaina. A cikin wannan sura ta 18 ta Matiyu ɗin dai Yesu ya shimfiɗa tsari: ka je wurin wanda ya yi maka laifi ku biyu kaɗai ka nuna masa laifinsa, in ya ƙi ji ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi ka kai gaban ikilisiya, wato jama'ar coci. Ka nuna masa laifinsa, aka ce. A zamanmu da dattawa an tsallake wannan, aka raba laifi biyu daidai kamar ana rabon naman watanda.

Ko a ƙasar nan mun ga misali. An kashe sarkin Dagbon, Ya-Na Yakubu Andani na biyu, a Yendi a watan Maris 2002, Dagbon ta yi shekara goma sha bakwai babu sabon sarki. Da kwamitin manyan sarakuna, Otumfuo Osei Tutu na biyu da Nayiri da Yagbonwura, suka warware ƙullin a nan Manhyia, ba da "a yi haƙuri" kaɗai suka warware shi ba. Gidajen sarautar Dagbon biyu, Abudu da Andani, kowanne yana bin bashi. Gidan Abudu suna bin bashin bikin mutuwar tsohon Ya-Na Mahamadu Abdulai, wanda ya rasu tun 1988 ba a yi masa ba, aka yi a Disamba 2018. Gidan Andani suna bin na Yakubu Andani, aka yi a Janairu 2019. Sai bayan nan aka naɗa Ya-Na Abukari na biyu. Har yau akwai masu cewa ba a yi wa jinin da aka zubar adalci ba, ba zan musa musu ba. Amma ku lura, sai da aka biya wani abu kafin aka zauna.

Wanda ya farkar da ni ba fasto ba ne. Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, tsohon mai sayar da goro da ba ya rasa sahun farko a masallacin unguwarsu. Wata Asabar na kai masa rigar da na gyara masa, na sake buɗe masa tsohon labarin yadda aka zage ni. Ya ɓare goro, ya ba ni rabi, ya ce, "Ɗana, ka biya shi?" Na ce Kawu ai an yi sulhu. Ya ce, "Ban tambaye ka sulhu ba. A wurinmu, abin da ke tsakaninka da Allah, in ka tuba Yana yafewa. Haƙƙin mutum kuwa sai mai shi. Littafinku bai faɗi haka ba?" Na ce zan duba.

Ya faɗa, kuma ayar na haddace ta tun ina makarantar Lahadi. Matiyu 5:23 da 24: in kana miƙa baiko a bagadi ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon nan a gaban bagadi, ka je ku shirya tukuna, sa'an nan ka dawo. Shekaru ina karanta ta a juye, kamar an ce in kai kana da magana a kan ɗan'uwanka. Ashe shi ne ke da magana a kaina. Kuma masu sauraron Yesu a ranar a Galili suke, bagadin yana Urushalima, tafiyar kwanaki a ƙafa. Wato ka bar ragonka a ɗaure, ka koma garinku, ka gyara, ka sake dawowa. Ni tsakanina da Alabar kuɗin trotro ɗaya ne, na yi shekara biyar ina cin jibin Ubangiji a coci ban hau ba.

Sai wata matsala ta taso: nawa zan biya? Kowa ya san abin da ya sami sidi. A Disamba 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Dubu ukun da a 2018 rabin keke ne, a 2023 ko teburinta da kyar. Littafin Firistoci sura 6 ya ce wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya ya mayar, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Zakka mai karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya shiga gidansa, ya ce wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu, kuma sai bayan ya faɗi haka Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan. Ninki huɗu ya fi ƙarfina, kashi ɗaya cikin biyar kuma na san wayo ne. Na je Adum na tambayi kuɗin irin keken a ranar, na raba biyu. Wata takwas na yi ina tarawa, matata ta sa nata daga cinikin waken da take yi, ta ce ai saboda ita aka buɗe ledar.

Na so in tura ta waya in huta da kallon idonsa. Kawu ya ce da ƙafa ake zuwa. Na same shi da safe yana yanka wani farin yadi, tef ɗin awo a wuya, almakashi a hannu. Na ce, "Na yi maka ƙarya, na ci kuɗinka, ga su." Bai ce komai ba. Ya ajiye almakashi, ya ƙirga kuɗin a gabana, ya sake ƙirgawa, ya sa a aljihun gaba. Ina jira ya ce shi ma ya yi nadamar zagin. Bai ce ba, har yau bai ce ba. Sai ya kira yaron shagonsa ya ce ya sayo koko biyu da ƙosai, ɗaya kada a sa sukari da yawa. Ashe bai manta yadda nake sha ba.

Ba mu sake haɗa shago ba, ba na kuma jin za mu sake. Sallar da ta wuce aiki ya yi masa yawa, ya aiko mini da shadda shida in ɗinka masa, da takarda a kai ya rubuta kuɗin kowace, ya ce in sa hannu in dawo masa da takardar. Na sa.

Baiwar Allah ta bakin ƙofar coci kuwa, na ce mata ranar Alhamis bayan na rufe shago zan raka ta gidan wanta, ta zo da littafin adashin.