Ɓarawon Batir

Tun ranar da na haɗa inbata a gidana na fara jin haushin duk wanda bai kira ni Injiniya ba. Ba wata makaranta na shiga ba. Bidiyo uku na kalla a intanet, na huɗun ma barci ya sace ni a tsakiyarsa.

Amma fa abin ya yi aiki. Batir ɗaya ne mai bolt 12, amfiya-awa 100, sai inbata mai wat 1000. Na tara iyalina na yi musu lacca: wutar batir hanya ɗaya take bi, kamar ruwa a kwata, ta soket kuwa kaiwa da komowa take yi sau 50 a daƙiƙa, aikin inbata shi ne ta juya waccan ta koma wannan, ta ɗaga ta zuwa bolt 230. Har Gaston Planté na ambata musu, Bafaranshen da ya ƙirƙiro batirin dalma a 1859, kamar wani ɗan uwana. Uwargida ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Maigida, zan iya guga?"

Na ce a'a da ƙarfi. Dutsen guga shi kaɗai yana iya cin wat 1000, kuma kafin inbata ta ba shi hakan sai ta zuƙi fiye da amfiya 80 daga batirin. Na kafa doka: fitilu, fanka ɗaya, cajin waya. Na yi musu lissafi a takarda cewa 12 sau 100 ya ba da 1200, wato wutar da za ta riƙe abu mai wat 1200 na awa ɗaya, amma rabi kawai ake taɓawa, domin batirin dalma idan ana yawan tatse shi ƙarƙaf ba ya daɗewa. Wato 600 ne rabonmu, mu lallaɓa.

Daga nan ne ƙaiƙayin hannu ya kama ni. Na lura yara suna barin fitilar banɗaki a kunne, sai na sayo sensa mai jin motsi, na zauna da ƙarfen narka dalma na liƙa wayoyinta da kaina. Ita wannan sensa ɗumin jikin mutum take hangowa, amma sai yana motsi. Wannan sharaɗi na biyu ban karanta shi da kyau ba, kuma na saita ta a kan daƙiƙa 15.

Wanda ya fara gwada ta da daddare surukina ne, da ya zo mana kwana biyu. Dattijo mai natsuwa, ko a zaune ba ya son yawan motsi. Muna falo muka ji gyaran murya daga ciki, sannan tafi, sannan wata murya a hankali tana cewa, "An ɗauke ne?" Haka na tsaya a bakin ƙofa, kunya kamar ƙasa ta tsage, ina cewa, "Baba, a ɗan ɗaga hannu sama. A kaɗa shi. Yauwa." Bai ce mini komai ba har ya tafi, sai dai washegari na ga ya shiga da tocila.

Babbar masifar kuma a makon ta fara. Batirin da yake kai mu asuba sai ya koma mutuwa tsakar dare. Ƙarfe biyu inbata za ta fara kuka, ƙit-ƙit-ƙit, alamar batir ya yi ƙasa, fanka ta tsaya, sauro su karɓi aiki. Ni kuwa nan take na san akwai maci amana a gidan. Na zargi uwargida da guga a ɓoye. Na zargi babban ɗana da kunna talabijin bayan na kwanta. Wani dare har laɓewa na yi bayan labule, ba abin da na kama sai mura.

Sai na ce to, tunda mutane ba sa faɗin gaskiya, na'ura za ta faɗa. Na sayo ma'aunin wuta mai baki kamar ƙaguwa, wanda ake maƙala wa waya ɗaya ba tare da an yanke ta ba. Maganaɗisun da ke kewaye wayar yake ji, ya nuna maka abin da ke wucewa. Na sake tara kowa a falo, na ce yau asirin wani zai tonu.

Muka kashe fanka, lamba ta sauka. Muka kashe fitilu, ta ƙara sauka. Aka zare cajar kowa, har da tawa don a ga adalci. Gida ya yi duhu ɗulum, amma allon yana nan a kan wat 60, ko gezau. Na ce, "Kun gani? Wanda ya ɓoye abu ya fito da shi tun muna mu ya mu." Kowa ya yi tsit.

Can sai autarmu, 'yar shekara shida, ta ce, "Abba, wannan sandar taka mai zafi da ke bayan tebur, ita ma a cire?"

Ƙarfen dalmata ne. Tun ranar da na haɗa sensar banɗaki yake jone, yana zaune a mariƙinsa bayan littattafai, bakinsa ya yi baƙi ƙirin, Allah ne kaɗai ya tsare bai kama takarda ba. A jikinsa an rubuta wat 60 ɓaro-ɓaro. Babban ɗana, wanda a lissafi ba ya wuce na tsakiya a ajinsu, ya ɗauko takardar laccata ya ce, "Abba, 60 sau awa 10 ai 600 ne. Rabon namu ke nan cif."

Na zare filogin, allo ya koma sifili. Ina neman abin da zan ce, uwargida ta miƙe ta nufi ɗaki, ta dawo da dutsen guga a hannu da rigunana uku a kafaɗa.

"Injiniya," in ji ta, "a wace soket zan jona?"