Gari mai shataletale 150, amma tsoho bai samu Juma'a ba

Baffana ya zo Amurka ganin jikoki daga Sakkwato. Wata Juma'a aiki ya riƙe ni, maiɗakina kuma ta tafi da ɗayar motar kai yaro ganin likita. Da hantsi ya ɗaga Baffa ya yi wanka, ya sa farar riga da hula, ya ɗauki sandarsa ya fita, da niyyar in ya kai bakin titi ya tsayar da abin hawa. Ya wuce shataletale na farko, ya wuce na biyu, a na uku gabas ta ɓace masa. Wata Baturiya ce ta gan shi tsaye yana ɗaga wa motoci hannu, ta tsaya, ya nuna mata takardar da na rubuta masa adireshi, ta kawo shi har ƙofar gida. Da maraice ta dawo ta same ni, ta rage murya cikin ladabi, ta tambaye ni ko tsohon yana fama da ciwon mantuwa. A cewarta mai cikakken hankali ba ya tsayawa bakin wannan hanyar yana jiran wani ya ɗauke shi.

Na yi mata godiya, kuma ta cancanta. Amma maganar ta tsaya mini a wuya. Mutumin da har gobe yana riƙe da lissafin bashin abokan cinikinsa a ka, shi ake tambayar hankalinsa, don kawai ya zaci gari gari ne. Shi ko a jikinsa. Abin da ya ce mini kawai: "Kai, wanga gari naku ina mutanenai? Mota ɗai ni ka gani." Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, haka aka gina shi."

Bari in ba ku labarin garin. Sunansa Karmel, yana jihar Indiyana a Amurka, manne da birnin Indiyanapolis ta arewa. Mutanensa kusan 100,000 ne, yawancinsu masu hali, da yawa a birni suke aiki su dawo nan su kwana. Abin da aka san garin da shi shi ne shataletale: sun haura 150, babu garin da ya kai shi a duk Amurka. Aikin wani magajin gari ne mai suna Jim Brainard, wanda ya riƙe garin daga 1996 zuwa ƙarshen 2023. Ya ga irinsu a Ingila, ya dawo ya dinga tuge danja yana dasa shataletale, har ta kai yau za ka iya ratsa garin daga wannan gefe zuwa wancan ba ka tsaya a jar wuta ba. A babbar hanyar Keystone ma biyu-biyu aka haɗa su a saman gada, siffarsu kamar ɓawon gyaɗa, masu wucewa suna bi ta ƙasa.

Kuma ba ado ba ne, lissafi ne. A mararraba mai hanya huɗu, injiniyoyi sun ƙirga wurare 32 da mota za ta iya karo da mota. A shataletale mai layi ɗaya 8 ne kacal. An lanƙwasa bakin shigarsa yadda dole ka sauko zuwa wajen mil 20 a awa, ko kana so ko ba ka so, saboda haka ko an yi karo gogar gefe ce, ba a cika samun wanda ya soki wani a ciki da gudu ba. Kafin ka isa akwai allo, akwai kibiyoyi a kan kwalta suna gaya maka layin da za ka kama. A tsakiya furanni ne da ciyawa da ake yi wa aski, wasu da gumaka, wasu da ruwa mai tsiri. Wurin tsallakawar mai ƙafa an ja shi baya kaɗan, da ɗan tsibiri a tsakiyar hanya inda zai tsaya ya huta. Ba ka jin oda. In motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta tsaya ta buɗe jan allonta, kowa sai ya tsaya cak har yaran su tsallake. Ranar da ƙanƙara ta zuba, kafin gari ya waye an kankare ta an watsa gishiri. In za a taɓa titi ana sanarwa tun da wuri, da taswira, da ranar farawa, da hanyar da za ka bi kafin a gama. Duk wannan na gani da idona, ba zan ɓoye ba, kuma in na tuna Mabera da damina ina jin kishi.

To amma duk wannan gata na wane ne? Na mai mota. Babu bas mai bin layi a cikin garin. Bas-bas ɗin Indiyanapolis iyakarsu titi na 96, inda gundumar birnin ta ƙare. Akwai wata motar gunduma da ake kira ta waya, amma sai ka ba da sunanka tun ana gobe. Akwai Uber, ga mai katin banki da wayar da ya iya latsawa da Turanci. Hanyoyin tafiya a ƙasa kuwa suna nan, masu faɗi, masu kyau, har da tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta Monon da aka mayar ta masu keke. Sai dai waɗanda ke binsu motsa jiki suke yi ko zagaya da kare, ba zuwa wani wuri suke ba. Dokar tsara gari ta raba gidaje da shaguna, ban da tsakiyar gari inda haya sai wane da wane. A unguwarmu ko ashana ta ƙare sai ka tayar da mota. Wanda ido ya raunana, ko bai da lasin, ko kuɗin inshora ya gagare shi, to ya zauna gida.

Ku kuwa da ke gida, kun san yadda take. Ka fito ƙofar gida a Gidan Igwai ko Minanata, kafin ka gyara hula ɗan kabu-kabu ya tsaya. In kana da iyali ga agwagwa da buje. Tsohuwa mai tallar fura da malamin jami'a mai zuwa Dundaye duk suna isa inda za su. Ba wata hukuma da ta zauna ta tsara wannan, talauci da buƙata ne suka haife shi, amma yana ɗaukar kowa. Na san za a ce da ni, to haɗurran fa? Ƙafafun da ake karyawa kullum, yaran da ke tuƙi ba lasin ba hular kwano, tirelolin siminti daga Kalambaina da ke ratsa mutane, kuɗin hawa da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023? Na ji. Amma gyara ake yi wa abin da ke aiki.

Abin da ke ba ni takaici shi ne irin abin da muke kwaikwaya. An yi gadar sama a Runjin Sambo da Rijiyar Dorowa zamanin Tambuwal, kowa ya ɗauki hoto. Ban ce ba su rage cunkoso ba. Amma mutum nawa ne a Sakkwato ke da mota? Shataletale kuwa muna da shi tun kafin Brainard ya yi mafarkinsa, ga Rawun Mai Ruwa nan, kuma hannu ɗaya muke bi da Amurka tun 1972. Shataletale ba ya cin wutar lantarki, ba ruwansa da ɗaukewarta. Abin da ya rasa ƙanana ne: fenti a kwalta, tsibirin da tsoho zai tsaya, magudanar ruwa, da inuwar dogon yaro ga mai jiran abin hawa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kuɗin gada guda zai yi wannan a wurare da dama. Karmel ma da bashi ta yi nata adon, bashin da ya haura dala biliyan 1, kuma mazauna garin suna ta gardama a kansa.

Akwai wani abin kuma. A 2018, da Musulmin wannan yanki suka nemi izinin gina masallaci a yammacin garin, an yi doguwar muhawara a gaban hukumar tsara gari, kuma da ƙaramin rinjaye aka amince. Babbar hujjar masu adawa ita ce cunkoson motoci da wurin fakin. Ban shiga zuciyar kowa ba. Amma a nan mota ce ma'aunin komai, har wurin ibada sai an ƙirga masa motoci. A gida in masallacin Shehu ko na Bello ya cika, sahu sai ya fito kan titi, mai mota ya kashe ta ya shimfiɗa darduma. In an yi rasuwa a kafa rumfa a toshe layi kwana uku, ba mai cewa uffan. In an fito da makara 'yan kabu-kabu su ja gefe, wani ma ya jingine babur ya sa kafaɗa, bai ko san mamacin ba. Injiniya zai ce wannan rashin tsari ne. Na halarci jana'iza a nan, kowa cikin motarsa da gilashi a rufe, ana bin juna da fitila a kunne. Na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Shi ya sa sababbin unguwanninmu ke ba ni tsoro. Ku duba gidajen da ake ginawa wajen Bado da Arkilla: doguwar katanga, get na ƙarfe, waya mai ƙaya a sama, maigida ya danna oda a buɗe masa ya shige. Ba zaure, ba dakali, ba mai shayi a kwana. Ni ma ina da ɗan fili a can, ƙanena ke kula da ginin. Da ya turo mini zanen na ga gareji mai cin mota biyu, na kira shi na ce a rage shi a fitar mini da zaure da dakali a waje. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wa ka yin dakali yanzu? Zaman banza za ka tara muna ƙofar gida." Na ce su nake so. Ya ce magini zai ƙara kuɗi, na ce a ƙara. Har yanzu bai turo sabon zanen ba, kuma na lura kwanan nan in na kira sai ya ce sabis ba kyau.