Tarmus bakwai a gefen katifar ƙanwata

Assalamu alaikum matan Makka da Jidda, da duk wadda rubutun nan ya iske a inda take. Na san akwai iyayen da za su ji haushina, don haka tun kafin a zage ni na yafe.

Talatar da ta wuce ƙanwata ta sauka, an samu mace. Aiki aka yi mata, wanda Larabawa ke ce wa ƙaisariyya, domin jininta ya hau sosai a watan ƙarshe, likita ta ce ba za a jira naƙuda ba. Ranar Juma'a aka sallamo ta. Kafin a kira la'asar na ƙirga tarmus bakwai jere a gefen katifarta, a gidansu da ke wajen Shari'ul Mansur. Gwaggonmu ta damo kunun kanwa. Maƙwabciya 'yar Sudan ta kawo madidar hulba, wato kununsu na hulba da madara. Matar mai gidan hayarsu, Balarabiya, ta aiko da gahawa da dabino. Uwar miji ta dafo citta da kanumfari da masoro da kimba, ƙamshin kaɗai sai da ya sa ni atishawa. Ga shayi, ga zoɓo, ga wani jiƙo da aka ce "na wankin ciki ne". Duk cikin bakwai ɗin nan babu mai ruwa zalla. Da yarinyar ta ce ƙishi take ji, sai da na fita falo na ɗebo mata.

Ni ba likita ba ce. Shekarata 19 a garin nan, sau biyu aka yi mini aikin haihuwa, kuma da yake ina jin Larabci na raka mata da yawa asibiti ina yi musu tafinta. Maganar likita ta bakina take bi kafin ta isa kunnen mai jego, shi ya sa ta zauna mini a kai.

Jegon da muka gada an tsara shi ne don macen da ta haihu da kanta. Wadda aka yi wa aiki mai jego ce, haka ne, amma kuma majinyaciya ce da aka tsaga wa fata da kitse da jikin mahaifa aka ɗinke. Hanjinta ya yi kasala saboda taɓa shi da aka yi da kuma magungunan kashe zafi. Jinin da ta zubar yakan kai lita ɗaya, wato ninkin na haihuwar da aka saba. To me ya sa za mu ɗura mata abin da kakarmu ta sha a Bichi, ba tare da mun tambayi ko ya dace da ita ba?

A asibiti ma abin ya canza. Lokacin aikina na farko yini guda aka hana ni ko kurɓin ruwa, sai an ji na fitar da iska. Yanzu idan allurar baya aka yi, kuma komai ya tafi daidai, cikin 'yan awoyi ake ba mace ruwa ta kurɓa, daga nan romo marar maiƙo, sai abinci mai sauƙi. An gano cewa sha da wuri yana tayar da hanji. Amma izinin na ma'aikaciyar jinya ne, domin wadda aka sa barci gaba ɗaya ko mai amai nata lissafin daban. Don Allah Hajiyoyi a daina ɓoye kunu cikin jakar kayan jariri ana shiga da shi ɗaki. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba.

Ruwa nake so mu fara girmamawa. Kashi 87 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma idan shayarwa ta kankama mace tana fitar da kusan kashi uku cikin huɗu na lita kullum. Ku haɗa da zafin Makka da ke haura 45 a lokacin bazara, da na'urar sanyaya ɗaki da ke busar da maƙoshi dare da rana. Lita biyu da rabi zuwa uku a yini, har da kunu da romo, ba ta yi yawa ba. Ba sai kin auna ba ma: ki ajiye gora kusa da inda kike shayarwa, duk sanda yarinya ta kama ke ma ki sha, ki riƙa duba fitsarinki. In ya yi ja kamar shayi, jikinki na neman ruwa.

Na san dalilin da ya sa ake ƙin sha, domin ni ma na yi. Tashi zuwa banɗaki da ɗinki a mara azaba ce, sai ki ga gara ƙishin. Amma wannan tashin shi likitoci ke nema. Mace bayan aiki tana cikin haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, shi ya sa ake yi wa wasu allura a ciki kullum na wasu kwanaki, kuma kwanciya wuri ɗaya da ƙarancin ruwa duk suna ƙara haɗarin. Ga robar fitsari da aka sa mata, wadda kan bar ciwon mafitsara. Ga taurin bayan gida da maganin ƙarin jini ke jawowa, wanda duk wadda ta taɓa yin nishi da sabon ɗinki ba ta mance shi ba.

Maganar cewa ruwan sanyi yana daskarar da jinin biƙi kuwa, ruwan da kika sha tumbi yake zuwa, babu hanyar da ta haɗa shi da mahaifa. In mai ɗumi ya fi miki daɗi, ki sha mai ɗumi. In ranki na son mai sanyi, ki sha abinki. Zamzam ma ki sha ki ƙoshi, ga shi a ƙofar gida, ni'imar da 'yan uwanmu na gida ke roƙon a kai musu ko da gora ɗaya. Jaririyar dai a bar ta da nono zalla har wata shida, kuma zuma ba ta shiga bakinta sai ta shekara.

Yanzu ga inda rigimar take.

Kanwa 'yar uwar gishiri ce, sinadarin da ke sa gishiri ya riƙe ruwa a jiki shi ne jibge a cikinta. Mace kuwa bayan haihuwa jikinta ƙoƙari yake ya zubar da ruwan da ya tara na wata tara, ga ledojin ƙarin ruwa da aka ɗura mata a ɗakin tiyata. Shi ya sa za ki ga ƙafarta ta kumbura kwanakin farko. A wannan halin ne muke ba ta kwano guda na kunun kanwa safe da yamma har arba'in. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan masu jegon da ake kawo musu zuciya ta gaza, jiki ya kumbura, numfashi na sarƙewa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, irin su hawan jini da rashin abinci mai gina jiki, don haka ba na ɗora wa kanwa laifin duka. Amma yarinyar da aka ciro wa ɗa saboda jininta ya hau, aka sallamo ta da ƙwayoyin saukar da shi, a kuma bi ta da kanwa? Ana zuba ruwa a wuta ta nan, ana zuba fetur ta can. Kuma hawan jinin ciki ba ya tafiya ranar da aka haihu, yana iya tasowa har sati shida bayan nan, har ya kai ga jijjiga.

Na durƙusa na faɗa wa Gwaggo haka. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar nan, ni goma na haifa, duk da kunun kanwa na tashi. Uwarku ma haka. Yau ke za ki koya mini jego?"

Na ce, "Allah ya ƙara girma Gwaggo, wane ni. Amma ke ba a yanka ki ba, kuma jininki bai taɓa hawa ba."

"Wa ya auna?"

Nan fa ta kama ni, kuma ba ta san ta faɗi tawa ba. Ba wanda ya auna. Waɗanda kunun ya karɓa su ne ke zaune suna ba mu labari. Waɗanda suka kumbura suka tafi kafin arba'in, cewa aka yi sanyi ne ya shige su, aka ƙara wa na baya zafin ruwa. Ban faɗa mata wannan ba, ba na son ta tuna ƙanwarta. Sai na ce, "Gwaggo, Nana Maryam da naƙuda ta kama ta a gindin dabino, me Allah ya tanadar mata? Ƙorama da ɗanyen dabino, aka ce ta ci ta sha ta kwantar da hankalinta." Ta yi shiru, ta ce malamai sun fi ta sani.

Wanda ke bin kanwa a wannan layin shi ne irƙusus, baƙin jiƙon saiwar nan da ake sayarwa da azumi. Yana tayar da jini sosai. Mai hawan jini ta bar shi, jego ko ba jego.

Hulba ba ni da faɗa da ita. 'Yan Sudan sun iya madida, kuma kofi ɗaya a yini ba zai cutar da yawancin mata ba. Sai dai tana kumbura ciki, warinta na fita a gumi da fitsari har na jariri, tana saukar da suga, kuma mai shan maganin tsinka jini ko wadda gyaɗa ba ta karɓe ta ba ta tambayi likita tukuna. Batun kawo nono, wasu sun ce ta yi musu, wasu ba su ga komai ba. Abin da ke kawo nono tabbas shi ne yawan sa jariri a ƙirji, dare da rana. Ni a ganina rabin amfanin madidar nan madarar da ke ciki ce, rabin kuma maƙwabciyar da ta zauna ta riƙe jaririya har uwar ta shanye. A rage sukari dai, musamman wadda suga ya kama lokacin ciki.

Gahawa da shayi su ne ba a zargi, alhali su ake sha fiye da kima, domin kowace 'yar barka ta shigo sai an zuba. Gahawa kaɗan tana taimaka wa hanji ya motsa bayan aiki. Amma sinadarin hana barcin da ke cikinta yana bi ta nono, kuma jariri sabon haihuwa kwanaki yake ɗauka kafin jikinsa ya fitar da shi. Ƙa'idar da ake ba masu shayarwa ita ce miligiram 200 zuwa 300 a yini, kimanin kofi biyu na gahawa in da kofin shayi aka auna. Finjalin Larabawa ƙarami ne, shi ya sa yake yaudara, sai ki sha goma ba ki sani ba, da dare ki ce yarinya rigima gare ta. Shayi kuma yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Wadda ta zubar da lita guda bai kamata ta kora maganin ƙarin jini da shayi ba, ta ba da tazarar awa ɗaya ko biyu. Ta kora shi da ruwan lemon zaƙi ko na kuka, su suna taimakawa. Lemon kwalba iska ce kawai za ki ƙara wa cikin da dama ya cika da iska. Na gwangwani masu ƙara kuzari kuwa, gwamnatin ƙasar nan da kanta ta ɗora musu harajin kashi 100 cikin ɗari tun 2017, ba sai na ce komai ba.

Kunun tsamiya, kunun gyaɗa, romon kaza, laban na kwali (nonon shagon nan mai tsami), madarar da aka tafasa, dabino da aka markaɗa da madara, duk lafiya lau. Tsamiya ma tana sassauta bayan gida. Zoɓo yana ɗan saukar da jini, don haka mai shan ƙwayar hawan jini ta sha kaɗan, in ta ji jiri ta faɗa. Citta da kanumfari a cikin kunu ba laifi, a daina dai dafa su har su zama kamar wuta. Ɗanyen nonon raƙumi ko na akuya da ake tatsa a bakin hanya kar ya shigo gidan sai an tafasa shi, domin ta nan ake kamuwa da zazzaɓin da Larabawa ke kira hummal malɗiyya, mai cin gaɓoɓi wata da watanni.

Jiƙon wankin cikin nan da na shinshina, sanamakki ne, wanda muke ce wa filasko. Hanji yake murɗawa ya sa gudawa, ba ruwansa da mahaifa, wadda likita ta riga ta share da hannunta kafin ta ɗinke. Ku ƙiyasta murɗar ciki da gudun banɗaki a kan ɗinkin kwana uku. In bayan gida ya ƙi, asibiti na da maganin da aka auna. Jiƙon kam a makwarara na juye shi, ban yi shawara da kowa ba.

Kuma a sani, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, numfashi na sarƙewa in an kwanta, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, zazzaɓi, ɗinki na fitar da ruwa mai wari, ko jini na zuba da gudaji, babu tarmus ɗin da ke maganinsu. A nemo mota.

Jiya da safe Gwaggo ta shigo da tarmus ɗinta, ba ta ko kalle ni ba, ta ajiye ta ce wa ƙanwata, "Ungo, na tsamiya ne, tunda yayarki ta zama dakta." Na kanwar nan na ranar Juma'a kuwa mijin ƙanwata ne ya shanye shi da abokansa bayan isha'i, har yana tambaya ko za a ƙara damawa ran suna.