Kiran 18 kaɗai ba ya tsare gida

Labarinku kan wutar daji a unguwannin bakin garin Tawa ya tsaya ga kiran lamba 18. To, kafin 'yan kwana-kwana su iso fa?

Tun watan Oktoba, da ciyawa ta bushe, a share hanyar tare wuta mai faɗin mita 15 zuwa 20 ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. A kankare har ƙasa, a kwashe yayin. Masu tara shi a gefen hanyar, wallahi aikin banza suka yi.

Tartsatsi ne ke cinye gida. A sauke kara da harawa daga kan rumfa, a sassare rassan dogon yaro da ke taɓa rufi. Tokar murhu kuma a jiƙa ta kafin a zubar.