Control ko Ghostwire: Tokyo, wanne ya ci kuɗinsa?

A nan Ingila, da Disamba ta kama, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari, kuma a lokacin ne shagunan wasannin bidiyo na intanet ke karya farashi. Wanda ke son wasan aljanu da fatalwa, kuɗinsa kuma na guda ɗaya ne, zai tsaya tsakanin Control na kamfanin Remedy da ke Finland (2019) da Ghostwire: Tokyo na Tango Gameworks (2022). Ni dai na ce a ɗauki Control.

Sai dai a faɗi gaskiya, wajen kwarjinin wuri Ghostwire ya yi gaba. Hazo ya lulluɓe unguwar Shibuya, mutane sun ɓace ɓat, sai riguna da jakunkuna zube a tsakiyar titi, ruwa na sauka, fitilun talla na ta haska kwalta ba mai kallo. Wanda ya tashi yana jin ana hana yara zama gindin tsamiya da tsakar rana ba zai ji baƙunta ba, don iskokin Japanawa ma a cikin gari suke, ba a jeji ba. Kyanwa mai jela biyu ce ma ke tsaron kanti.

Wajen faɗa ne ya gaza. Makamanka uku ne da ke fita daga tafin hannu: iska mai sauri amma ba nauyi, ruwa mai faɗi da ba ya nisa, sai wuta mai fashewa wadda ke saurin ƙarewa. Ka yi ta harbi har ƙirjin fatalwa ya buɗe, ka fizgo ƙwayar da ke ciki. Shi ke nan. Cikin 'yan awanni ka gama ganin dabarun, sauran duk ja da baya ne kana harbi. Ko gocewa babu sai da aka ƙara ta a sabuntawar 2023. Saitin harbi ma yana da nauyi a na'urar wasa ta PS5, dole ka shiga saituna ka ɗaga saurin tashi da tsayawar kyamara. Tattara rayuka sama da 240,000 da 'yar tsanar takarda, kana kai su rumfar tarho, wannan kam dako ne kawai. Labarin Akito, jarumin wasan, da KK, ruhin da ya shige jikinsa, bai kai garin da aka ɗora shi a kai ba.

A Control kuwa, ginin da kake tsoro shi ne makaminka. Jarumar wasan, Jesse Faden, ta shiga wani ofishin gwamnati a New York, ma'aikata na rataye a iska suna maimaita surutai. Bindigarta ba a yi mata lodi, da kanta take cika in an ɗan saurara mata. A wannan tsakanin sai ka ɗaga tebur ko tukunyar kashe gobara da ƙarfin tunani ka maka wa abokin gaba. In ba komai kusa, kankaren ƙasa take ɓamɓarowa. Shi ma wannan ƙarfin yana ƙarewa, don haka jifa biyu ko uku, harbi, sannan jifa kuma. Lafiya ba ta dawowa da kanta, sai ka tsinci shuɗayen ɗigon da suke zubowa daga wanda ka raunata. Mai laɓewa bayan bango shi ke fara mutuwa. Bayan faɗa ka duba ɗakin: takardu na shawagi, ginshiƙai sun zaizaye.

Labarin ma a warwatse yake cikin takardun ofis da aka shafe rabinsu da baƙin tawada. Wanda ba ya son karatu zai wuce rabin daɗin bai sani ba, kuma wannan laifin wasan ne.

Taswirarsa ma abin haushi ce, hawa kan hawa a shafi ɗaya, gara ka bi allunan da ke jikin bango. In ka mutu, kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ka tara a cikin wasan ya tafi, a mayar da kai wurin ajiya na baya, wani lokaci da nisa. 'Yan gida masu fama da ɗauke wuta su riƙa leƙa wurin ajiyar kafin kowane babban faɗa. A tsohuwar PS4 yana sarƙewa idan tarkace ya yi yawa a allo, mai hali ya nemi bugun PS5 ko na kwamfuta.