Maganin kare ƙwaƙwalwa bayan bugun jini: a daina ba shi a makare

Idan gudan jini ya toshe babbar jijiya a ƙwaƙwalwa, tsakiyar wurin yakan mutu cikin mintuna, amma kewayensa na da sauran rai na wasu sa'o'i. Likitoci kan narkar da gudan da allurar alteplase, ko su zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi su zaro shi. Abin da ake nema har yau shi ne maganin da zai riƙe wannan kewayen da rai kafin jini ya dawo.

Nerinetide, gajeriyar sarƙa mai amino asid (tubalan ginin furotin) 20 da aka haɗa a Kanada, yana cikin magungunan da suka yi nisa a wannan fage. Idan jini ya yanke, sinadarin glutamate yakan yi ambaliya, kalsiyam ya kwarara cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ta wata ƙofa da glutamate ɗin ke buɗewa, furotin PSD-95 kuma ya sada wannan ƙofa da mai sarrafa gubar da ke kashe su. Wannan haɗin kaɗai maganin ke tsinkewa, ya bar ƙofar tana aikinta. Ana ba da miligiram 2.6 ga kowane kilo na nauyin majinyaci ta jijiya, cikin minti 10.

A gwajin ESCAPE-NA1 da aka wallafa a 2020, mai majinyata 1,105 da za a zaro wa gudan da bututu, kashi 61 cikin ɗari na waɗanda suka samu maganin sun iya kula da kansu bayan kwana 90, sauran kuwa kashi 59. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Sai aka lura waɗanda ba a yi wa alteplase ba sun fi amfana, domin alteplase na haifar da plasmin, sinadarin da ke narkar da gudan jini, shi kuma yana daddatsa maganin. Murna ta koma ciki da aka sake gwaji a kan irin waɗannan majinyata kaɗai, a ESCAPE-NEXT: babu bambanci.

A ganina wannan ya isa ya hana kowa tallata shi, amma bai isa a binne shi ba. Maganin da aikinsa jinkirta mutuwar ƙwayoyi ne, me zai tsinana idan an ba da shi dab da zaro gudan? Gwajin FRONTIER, inda ma'aikatan motar asibiti suka yi allurar cikin sa'a uku, shi ma bai yi nasara a jimlace ba, sai dai an ga alamar amfani ga waɗanda aka buɗe wa jijiya daga baya. Wannan rukunin ne ya cancanci gwaji nasa na kansa, kuma a fayyace tun kafin a fara cewa shi za a auna.