Ba Ni Ɗiya: Bakano da Gaisuwar Safe a Sifaniya

Garin El Ejido ne, a lardin Almeriya da ke kudancin Sifaniya, inda rumfunan leda na noman tumatur da tattasai suka shimfiɗu har ido ya gaji. Ƙarfe bakwai na safe cikin watan Janairu, gari bai waye ba. Bazazzage, mai shekara bakwai a ƙasar, yana zaune yana kurɓar shayi, sai ga Bakano, wanda kwanansa uku da sauka, ya faɗo ɗakin yana haki.

BAKANO: Tashi mu haɗa kaya! Garin nan ba na zama ba ne.

BAZAZZAGE: Lafiya, bawana? Kuɗinka ne ya faɗi? Don ban san abin da ke sa Bakano gudu da asuba ba in ba kuɗi ba.

BAKANO: Burodi na je saye. Tsohon nan mai shago ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Ba ni ɗiya." Har da Sakkwatanci! 'Yar tawa guda ce, tana Fagge, aji uku take a firamare.

BAZAZZAGE: Ka tabbata ba diyya ya ce ba?

BAKANO: To wa na kashe masa?

Bazazzage ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

BAZAZZAGE: "Buenos días" ya ce maka, gaisuwar safe ke nan. Mutanen Andalus haɗiye "s" ɗin ƙarshen kalma suke yi, shi ya sa ka ji "bueno día". Ma'anarta ranaku masu kyau.

BAKANO: Ranaku? Guda nawa?

BAZAZZAGE: Jam'i ne dai, ba a ƙidaya. A Ajantina ne za ka ji "buen día", rana ɗaya tak.

BAKANO: Ka ce na nan sari suke yi, na Ajantina 'yan tebur ne. To na ji. In ya ba ni ranakun, me zan mayar masa?

BAZAZZAGE: Abin da ya ba ka. "Buenos días." Ka karɓi burodinka ka wuce.

BAKANO: Shi ke nan? Babu ina gajiya? Babu yaya iyali, yaya sanyi, yaya muka ji da baƙunta? Mutum ya kwana ya tashi, ba wanda zai tambaye shi yadda ya kwana?

BAZAZZAGE: Akwai ta, amma ta cikin gida ce, tsakanin miji da mata ko uwa da ɗanta. Ka tambayi mai shago yadda ya kwana, sai ya zaci leƙen tagarsa kake yi da dare.

BAKANO: Allah ya kyauta. Jiya kuma, kusan ƙarfe biyu, ina haramar azahar, wani ya yi min wannan ba-ni-ɗiyar. Wane irin barci ne wannan?

BAZAZZAGE: Ba barci ba ne. A nan safiya ba ta ƙarewa sai an ci abincin rana, su kuwa sai wajen biyu suke zama ci. Ga kuma agogo. Tun 1940 gwamnatin Franco ta tura shi gaba da awa guda, ya yi daidai da na Jamus, har yau ba a mayar ba. Dubi naka, a watan nan lokacinsu ɗaya da na Kano, amma rana ba za ta fito ba sai takwas ta wuce.

BAKANO: Wato cikin mutum ne ke yanke hukunci. Wanda bai samu abinci ba fa?

BAZAZZAGE: Yana nan a safiya har magariba, kamar yadda za ka kasance in ba ka samu aiki ba. Bayan an ci sai a koma "buenas tardes", da dare kuma "buenas noches". Ka lura: día namiji ne ko da ya ƙare da "a", shi ya sa ake cewa buenos. Tarde da noche mata ne, sai a ce buenas.

BAKANO: Tsaya! Kai ne za ka koya min namiji da mace? Bazazzage? Ku da kuke cewa "matana ya dawo daga kasuwa"?

BAZAZZAGE: Birnin ilimi ne, muna sane muke yi.

BAKANO: Birnin fate dai. To tunda ilimin ya motsa, warware min wannan. Yaron da ke tuƙa motar gona, ɗan cikina, ya kalle ni da gemuna ya ce, "Ola, ke tal." Na farko, ni ba Ola ba ne, ban taɓa zama a Ibadan ba. Na biyu, ni ne "ke"?

BAZAZZAGE: "Hola, ¿qué tal?" Sannu, yaya dai. Da "h" ake rubuta hola amma ba a furta ta. Sai ka ce "bien", lafiya ke nan, ka ƙara da "gracias".

BAKANO: Shi mai gonar ya fi shi tarbiyya. Ina juyawa zan tafi ya ce, "Komo, Ustaz." Na komo. Ya sake faɗa, na ƙara matsowa, har muka kusa haɗa goshi.

BAZAZZAGE: "¿Cómo está usted?" Lafiyarka yake tambaya cikin girmamawa. Usted na manya ne da baƙi, tú na abokai da yara. Ganin furfurarka ya sa.

BAKANO: Ai na ga alama. Da na yi masa zancen kuɗin yinin da na yi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Manyana, manyana." Na ce ko a Kano ba a kai wannan ladabi ba.

BAZAZZAGE: Mañana. Gobe ke nan. Kuma safiya ma mañana ce, gobe da safe "mañana por la mañana".

Bakano ya yi shiru, ya ajiye burodin.

BAKANO: Gobe ya ce?

BAZAZZAGE: Gobe.

BAKANO: Wannan yaren na iya shi. Shekara ashirin ina yi wa masu bin bashi shi a Kantin Kwari.

BAZAZZAGE: Taso, mota za ta tafi. Abu ɗaya: tsohuwar da ke ƙasan bene, ka ce mata "buenos días, señora" ka wuce. Kada ka kuskura ka ƙara komai.

BAKANO: Ni za ka hana gaida tsohuwa? Ba a haife ni a Zariya ba.

Suna saukowa sai ga ta da jakar cefane. Bakano ya rusuna.

BAKANO: Buenos días, señora. ¿Qué tal?

Tsohuwa ta ajiye jaka a ƙasa. Ta riƙe masa hannun riga, ta nuna gwiwarta ta dama, ta fara. Bahaushe ko yana kan gadon asibiti "lafiya lau" zai ce, ita kuwa tambaya aka yi mata, amsa take bayarwa. Minti goma, minti ashirin. Direba yana ta danna oda.

BAKANO: (da gefen baki) Me take cewa?

BAZAZZAGE: Ta gama gwiwa, ta gama ɗanta na Basalona da ba ya kiran waya, yanzu tana kan tsadar man zaitun. Ba kai ne mai neman doguwar gaisuwa ba?

BAKANO: Don girman Allah, me zan ce ta sake ni?

BAZAZZAGE: Yarenku na Kantin Kwari. Ka sa "hasta" a gaba, sai gobe ke nan.

BAKANO: Asta manyana, señora!

TSOHUWA: Si Dios quiere, hijo.

Ta sake shi tana murmushi. Suka ruga mota.

BAKANO: Me ta ce?

BAZAZZAGE: Ta ce in Allah ya so, ɗana. Ka yi mata alkawari ke nan. Gobe saura gwiwar hagu.